Kafin ka cusa manhajar wani a cikin taka

[Kiɗan buɗe shiri]

 Maganarmu ta yau ta masu rubuta manhaja ce, matasan nan namu da ke kwana gaban kwamfuta suna haɗa manhajar makaranta, ta asibiti, ta lissafin shago ko ta wayar hannu. Amma mai biyan kuɗi a yi masa manhaja shi ma ya matso kusa da rediyo, domin ranar da magana ta tashi, ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa.

Duk mai riƙe da wayar Android, Tecno ce ko Infinix ko itel ko Samsung, in ya shiga saitin wayar, ya nemi wajen bayanin waya, ya buɗe sashen bayanan doka, zai tarar da wani rubutu mai tsawon gaske wanda kusan babu mai karanta shi. Jerin lasisi ne na guntayen manhajar da kamfanin ya ɗebo daga hannun wasu mutane ya zuba a wayar. Dole ce ta sa aka rubuta shi, domin da wannan sharaɗi masu kayan suka ba da kayansu.

Haka aikin yake a yau. Babu mai zama ya rubuta manhaja daga farko har ƙarshe shi kaɗai. Mai son manhajarsa ta nuna hoto sai ya sauko da guntun da wani ya riga ya rubuta. Mai son ta ɓoye saƙo, ko ta karanta fayil, ko ta buga rasit, haka. Yawancin waɗannan guntaye buɗaɗɗun manhajoji ne, wato masu su sun fito da tushen rubutunsu fili, kowa ya gani, ya ɗauka, ya gyara. Daga nan ne kuskuren yake farawa, don da yawa sun ɗauka abin da aka bari a fili ba shi da mai shi.

Yana da mai shi. A Najeriya, dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta sa manhajar kwamfuta a sahu ɗaya da littafi. A Nijar ma yarjejeniyar Bangui ta ƙungiyar OAPI tana kare manhaja. Ƙasashen biyu kuma suna cikin yarjejeniyar Berne, don haka wanda ya yi rubutunsa a Jamus ko Indiya, haƙƙinsa yana nan daram a Kano da Damagaram. Ba sai ya yi rajista ba, daga lokacin da ya rubuta ya mallaka. Lasisi shi ne izinin da ya bayar. Saboda haka in kun ga rubutun manhaja a shafin GitHub babu lasisi ko ɗaya a jikinsa, to ba a ba ku izinin sa shi a kayanku ba, ko da kuwa an bar shi kowa yana kallo.

Lasisin buɗaɗɗiyar manhaja suna da yawa, amma in aka tankaɗe su za a ga gida biyu ne manya. Akwai masu sassauci, irin su MIT da BSD da Apache. Waɗannan cewa suke: ɗauki, gyara, sayar, in ka so ma ka rufe abin da ka gina a kai, amma ka bar sunanmu da takardar lasisinmu a jiki. Sai gidan GPL, wanda Richard Stallman na Amurka ya rubuta. Bugu na 1 ya fito a 1989, na 2 a 1991, na 3 a 2007. Shi ma GPL bai hana gyara ba, bai hana sayarwa ba, kuma ina so a ji wannan da kyau don ana yawan ruɗewa a kai: za ka iya karɓar kuɗi a kan manhajar GPL. Sharaɗinsa shi ne, in ka gina wani abu da ita, ka kuma miƙa wa wani, to gaba ɗayan ginin zai fita da lasisin GPL, wanda ka ba wa yana da haƙƙin karɓar tushen rubutun, kuma ba ka da ikon ƙara masa wani takunkumi da GPL bai ambata ba.

Ku riƙe wannan na ƙarshen, rashin ƙara takunkumi. Kusan duk rigimar da za mu ji daga nan take tasowa.

Mu ɗauki misalin waƙafi, tunda mun san sharaɗin mai waƙafi shi ake bi. Wani bawan Allah ya ba da fili, ya ce duk abin da aka gina a kai ya zama na jama'a, kada a sa wa mai shiga wani sharaɗi. Maƙwabcinsa shi ma ya ba da nasa, amma ya ce duk mai shiga sai ya rubuta sunansa a ƙofa. Kowanne a cikinsu alheri ya yi, kuma kowane fili za a iya amfana da shi. Amma ranar da aka ce za a haɗe filayen a yi gini ɗaya, dole a saɓa wa ɗaya daga cikinsu. To abin da ake nufi da jituwar lasisi ke nan. Tambayar guda ce: in na haɗa kayan nan biyu suka zama abu ɗaya, zan iya cika sharuɗɗan kowanne a lokaci guda? In zan iya, sun jitu. In ba zan iya ba, ba ni da izinin raba abin da na haɗa, ko da dukansu buɗaɗɗu ne.

Kuma jituwar tana da alkibla. Rubutu mai lasisin MIT yana shiga cikin aikin GPL lafiya lau, don abin da MIT ke nema, a bar suna da takarda, GPL bai hana ba. Abin da aka haɗa sai ya fita a matsayin GPL. Amma rubutun GPL ba ya shiga cikin aikin MIT a ci gaba da kiran aikin MIT, domin MIT yana gaya wa jama'a suna iya rufe kayan, shi kuwa mai GPL bai taɓa yarda da haka ba.

[Gajeren kiɗa]

Wannan ba maganar takarda ba ce kawai, ga abin da ya faru a watan Maris na 2021. Akwai wani babban ginshiƙin gina shafukan intanet mai suna Ruby on Rails, wanda manyan kamfanoni irin su GitHub da Shopify suka ginu a kansa. Lasisinsa MIT ne. A cikin Rails akwai sashen da ke kula da fayilolin da mutane ke ɗorawa. Wannan sashe ya dogara da wata ƙaramar manhaja, Marcel, ita kuma Marcel ta dogara da wata ƙarama, mimemagic, wadda aikinta kawai ta duba fayil ta ce wannan hoto ne, wannan sauti ne, wannan takarda ce. Ita ma mimemagic an rubuta MIT a goshinta.

Ashe a cikinta akwai fayil guda, jerin alamomin gane nau'in fayiloli, wanda aka kwafo daga wani aiki mai suna shared-mime-info. Shi kuwa lasisinsa GPL ne. Shekaru ana tafiya a haka, har ranar da mai kula da shared-mime-info ya lura, ya yi wa mai mimemagic magana. Mutumin bai yi gardama ba. Nan take ya janye duk tsofaffin bugun manhajarsa daga rumbun da ake sauke su, ya fitar da sabo da lasisin GPL.

Sai allura ta tono garma. A ranar, masu aiki da Rails a faɗin duniya da suka zo harhaɗa manhajarsu sabuwa sai aiki ya tsaya, don ƙaramin abin da ake nema a ƙasan ƙasa ya ɓace. Karɓar sabon kuma yana nufin shigo da GPL cikin kayan da kamfanoni ke rabawa a rufe. Mafi yawansu ba su taɓa jin sunan mimemagic ba. Ba su zaɓe ta ba, abin da suka zaɓa ne ya jawo abin da ya jawo ta. Cikin 'yan kwanaki masu Rails suka fitar da gyara: suka raba Marcel da mimemagic, suka ɗauko jerin alamomi daga wani aiki, Apache Tika, mai lasisi mai sassauci. Ita kuma mimemagic daga baya ta koma MIT ta wata dabara: ta daina ɗauke da fayil ɗin a cikinta, ta ce kowa ya tanadi nasa a kwamfutarsa, ita za ta karanta shi daga can.

A ganina wannan labari ya fi kowace lacca koyarwa. Babu wanda ya yi niyyar sata. Abin da aka kwafo ma jerin bayanai ne, ba wani shahararren rubutu ba. Kuma sunan lasisin da ke goshin manhaja bai faɗi gaskiyar duk abin da ke cikinta ba. Dabarar ƙarshen nan kuma ta nuna bambancin da ke tsakanin ɗaukar kayan wani ka cusa a jakarka ka raba, da barin mai amfani ya samo su da kansa.

Rashin jituwa bai tsaya tsakanin gida da gida ba, har a cikin ɗaki ɗaya ana samunsa. GPL bugu na 2 da GPL bugu na 3 ba sa haɗuwa, don na 3 ya zo da sharuɗɗan da na 2 ke kallo a matsayin ƙarin takunkumi. Abin da ke ceton mutane shi ne 'yar jimlar da marubuta da yawa ke ƙarawa, cewa sun ba da kayansu a bugu na 2 ko duk wanda ya biyo baya. Mai wannan jimla ana iya ɗaga kayansa zuwa na 3. Linux, wanda Linus Torvalds ɗan ƙasar Finland ya fara a 1991, wanda kuma shi ne zuciyar kowace wayar Android, ba shi da wannan jimla. Bugu na 2 ne kawai. Don haka rubutun GPL bugu na 3 ba ya shiga cikin Linux, kuma sauya lasisin Linux sai an nemi yardar dubban mutanen da suka sa hannu a rubuta shi, wasunsu ma sun riga mu gidan gaskiya.

Lasisin Apache bugu na 2, na shekarar 2004, shi ma yana da nasa. Mai sassauci ne, amma yana ɗauke da sharaɗi kan haƙƙin ƙirƙira: in ka kai ƙara kotu kana cewa manhajar ta taka ƙirƙirarka, izinin ƙirƙirar da aka ba ka a kanta ya faɗi. Gidauniyar Free Software Foundation, mai kula da GPL, ta ce wannan ƙarin takunkumi ne a idon bugu na 2, don haka ba sa haɗuwa. Da aka zo rubuta bugu na 3 sai aka buɗe masa ƙofa da gangan. Ke nan Apache yana shiga GPL na 3, ba ya shiga GPL na 2 zalla.

Wani lokaci ƙaramin sharaɗi ne ke hana ruwa gudu. Tsohon lasisin BSD yana da sakin layi da ke cewa duk tallar da aka yi wa manhajar sai an ambaci Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley. Kowa ya ɗauki lasisin sai ya sa nasa sunan, har Stallman ya ƙirga irin wannan ambato 75 a bugun manhajar NetBSD na 1997. Jami'ar ta soke sakin layin a 1999. Amma OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin saƙonni a ɗimbin shafukan intanet, ta ci gaba da ɗauke da irinsa shekara da shekaru, ta yadda masu manhajar GPL da ke son jingina da ita sai sun rubuta togiya ta musamman a lasisinsu. Sai a 2021, da bugu na 3.0, OpenSSL ta koma Apache, bayan an bi waɗanda suka taɓa ba da gudummawar rubutu ana neman amincewarsu.

[Gajeren kiɗa]

Masu sauraro, kada wani ya ji wannan ya ce to GPL annoba ce, duk abin da ta taɓa ya tafi. Ba haka ba ne. GPL da kanta ta ce ajiye manhajoji daban-daban a faifai ɗaya ko na'ura ɗaya bai mayar da su abu ɗaya ba. Shi ya sa tsarukan Linux irin su Ubuntu da Debian ke raba dubban manhajoji masu lasisi iri-iri a tare. Shi ya sa kuma Android ke tafiya da Linux mai GPL a ƙasa, yawancin abin da ke samansa yana Apache, manhajojin banki da na hira da ke kan wayar kuma a rufe suke, babu wanda ya taka doka. Matsala tana zuwa ne in an kwafi rubutu an zuba cikin rubutu, ko an ɗaure guntaye biyu suka zama manhaja guda mai gudana tare.

A ina ainihin iyakar take? A nan lauyoyi ma ba su gama daidaitawa ba. Akwai wani tsarin adana fayiloli mai suna ZFS, wanda kamfanin Sun Microsystems ya buɗe a 2005 da lasisin CDDL, lasisin da bai jitu da GPL ba. Oracle ya sayi Sun a 2010. A 2016 kamfanin Canonical, mai Ubuntu, ya sa ZFS a Ubuntu 16.04, ya ce lauyoyinsa sun duba, ZFS abu ne mai zaman kansa da ake jona wa Linux. Ƙungiyar Software Freedom Conservancy ta ce a'a, wannan saɓa wa GPL ne. Torvalds kuwa a farkon 2020 ya ce shi ba zai shigar da ZFS cikin Linux ba sai ya ga takardar izini daga Oracle mai ɗauke da sa hannu. Ni dai shawarata ga ƙaramin kamfani ko ɗalibi ita ce, wurin da masu manyan lauyoyi ke jayayya, kai ka kauce masa. Canonical yana da kuɗin shari'a, kai ba ka da shi.

Akwai lasisi na tsaka-tsaki da aka yi don sauƙaƙa wannan. LGPL yana barin rufaffiyar manhaja ta jingina da guntun da ke ƙarƙashinsa, muddin mai amfani zai iya cire guntun ya sa wani bugunsa, kuma gyaran da aka yi wa guntun kansa a fito da shi. MPL na Mozilla fayil-fayil yake bi: fayil ɗin da ka taɓa ka buɗe, sauran naka ne.

Sannan duk waɗannan sharuɗɗa, rabawa ce ke tayar da su. In a kwamfutarka ko cikin ofishinku kawai kuke amfani da abin, GPL ba ta neman komai. Amma ɗora manhaja a Play Store rabawa ce. Miƙa ta ga makarantar da ta ba ka kwangila rabawa ce. Sayar da na'ura mai manhajar a ciki rabawa ce. Wanda kuma ya ajiye manhaja a babbar kwamfutarsa mutane suna shiga ta intanet, GPL ba ta kama shi ba, amma 'yar'uwarta AGPL, ta 2007, don shi aka yi ta: in ya gyara manhajar, masu shiga ta intanet ɗin suna da haƙƙin samun tushen rubutun.

Shagon da ake raba manhaja shi ma yana da nasa sharuɗɗan. VLC ɗin nan da muke kallon fim da ita, a farkon 2011 an cire ta daga shagon Apple, bayan ɗaya daga cikin marubutanta ya yi ƙorafin cewa ƙa'idojin shagon suna ɗora wa masu saukewa takunkumin da GPL ta hana. Sai a 2013 ta dawo, bayan an sake wa sassanta lasisi.

Wani zai ce, wa zai biyo ni har nan? Ana bin waɗanda suka fi mu girma. A 2003 an gano na'urar rarraba intanet ta Linksys, samfurin WRT54G, tana ɗauke da Linux ba tare da an fito da tushen rubutun ba. Matsin lamba ya sa aka fito da shi, daga nan ne ma aka samu OpenWrt, buɗaɗɗiyar manhajar irin waɗannan na'urori. A 2008 Free Software Foundation ta maka Cisco, mai Linksys a lokacin, a kotu, aka sasanta a 2009. Kotunan Jamus tun 2004 suke tabbatar da cewa sharuɗɗan GPL suna da ƙarfin doka. Kuma ko ba a je kotu ba, takardar ƙorafi guda tana iya sa a sauke manhaja daga shago. Mai son zuba jari ko sayen ƙaramin kamfanin fasaha ma, cikin abubuwan da yake sa a bincika har da lasisin kowane guntu da ke cikin kayan.

Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Mai yin manhajar Hausa yana buƙatar zanen haruffa mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, ko mai rubuta ajami. Akwai Andika da Charis na ƙungiyar SIL, akwai Noto na Google, akwai kuma Alkalami da SIL ta zana bisa salon rubutun hannu na yankin Kano. Duka suna ƙarƙashin lasisin OFL. Ya yarda a cusa su cikin manhaja, har wadda ake sayarwa, amma bai yarda a sayar da haruffan su kaɗai ba, takardar lasisin kuma ta bi su, in kuma an gyara zanen alhali masu shi sun keɓe sunan, sai a sauya masa suna. Zanen haruffan da ya zo da Windows kuwa ba a kwafe shi a zuba a manhajar da za a raba sai da izinin masu shi. Hotuna da sautuka su ma haka, musamman masu alamar Creative Commons da ta hana kasuwanci.

To me mutum zai yi? Ya fara da yanke shawarar yadda shi zai raba nasa aikin, a rufe ko a buɗe, da wane lasisi, domin wannan ne zai nuna masa abin da zai iya ɗauka. Kafin ya sauko da kowane guntu ya buɗe fayil ɗin lasisinsa, ya duba har lambar bugu, ya ga ko akwai jimlar nan ta duk wanda ya biyo baya. Kada ya tsaya kan abin da ya zaɓa da hannunsa, ya bi har abin da abin ya jawo. Akwai manhajojin da ke yin wannan bincike, irin su ScanCode da FOSSology, su ma buɗaɗɗu ne. Kada ya goge sunan marubuci daga saman fayil, wannan laifi ne da ake yawan yi, kuma ko MIT mai sauƙin kai bai yafe shi ba. In ya ci karo da guntun da bai jitu da aikinsa ba, ya nemi madadinsa, ko ya rubuta wa mai shi ya nemi izini na musamman, don wasu suna sayar da lasisi na biyu ga 'yan kasuwa, kamar yadda masu Qt da MySQL ke yi. In kuɗi mai yawa ne a ciki, a ga lauyan da ya san haƙƙin mallaka.

Ina kira ga malamanmu na sashen kwamfuta a jami'o'i da kwalejojin fasaha, ranar da ɗalibi ya kawo aikinsa na ƙarshen karatu, a tambaye shi jerin abin da ya aro da lasisin kowanne, kamar yadda ake tambayarsa littattafan da ya duba. Ku kuma masu ba da kwangilar manhaja, shugabannin makarantu da masu asibitoci da 'yan kasuwa, ku sa a rubuta a takardar yarjejeniya cewa ranar miƙa aiki za a haɗo muku da wannan jeri, kuma kada ku biya cikon kuɗi sai kun gan shi.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, a huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]